Yaya, Kada Ka Yanka Ragon Nan Domina

Zuwa ga yayana Sale, mahauci a Talata Mafara.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan sana'a. Shekara shida ke nan rabona da gida, kuma ga shi an ce in zo sunan jikanka mako mai zuwa. Zan zo in Allah Ya yarda. Na san ɗanka Bashir ne zai karanta maka wannan daga wayarsa. Bashir, karanta duka, kada ka tsallake inda kake ganin zai ɓata rai. A fili na rubuta don mutanen unguwa ma su gani, saboda a waya ba ka bari in kai ƙarshen magana.

Yaya, na daina cin nama. Da nono, da man shanu, da ƙwai, duk na ajiye. Yanzu wata na bakwai.

Ka san aikina a Bauchi: tuƙa wani babban ma'aikaci a GRA. Aikin zama ne. In kai shi ofis in zauna, in kai yara makaranta in zauna. Albashin ba ya motsi, amma abin da ya rage a teburin gidan ni ake turo wa, kuma gida ne da ba a dafa miya sai da rabin kaza. Ba zan zalunce su ba, sun ciyar da ni. Sai dai da ragowar suka biya ni abin da ya kamata su biya da kuɗi, ni kuma na karɓa na tara a tumbi. Har ta kai sitiyari na gogar cikina, salla kuma sai a kan kujera, ina ɗan shekara arba'in da 'yan kai.

Akwai wani Ibo mai shagon magani kusa da ɗakina a Ƙofar Ran, muna ce masa Oga Chidi. Shi ya ɗora ni a sikeli, ya auna jinina, ya ce da irin Hausarsa, "Malam Isa, wannan ciki ta fi ƙarfin ƙafa." Ya tura ni asibiti. Likita cewa ta yi in rage nama da maiƙo kawai. To ka san halina, ban iya ragewa ba. In na ɗanɗana tsinken tsire ɗaya sai na ga ƙarshen tire. Shi ya sa na bar shi gaba ɗaya, in ga abin da zai faru.

Abin da ya faru ya ba ni mamaki. Ashe kusan babu abin da ba mu sa wa dabba a ciki. Masar Bauchi da ake yabo, miyarta da romo ake yi. Awara, wadda waken suya ce zalla, sai an tsoma ta a ƙwai. Mai abincin bakin tasha ta rantse min babu nama a miyarta, na tsamo ƙashi, ta ce ai ƙashi ba nama ba ne. Dole na sayi risho na koma girki da kaina.

Ka san me nake dafawa? Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Fate da yakuwa. Wake da daddawa. Wato abincin da Inna, Allah Ya jiƙanta, take ba mu a shekarun da Baba ya kwanta ciwo, wanda na yi rantsuwa ba zan ƙara kallo ba in na fara samun kuɗi. Yanzu ina tsaye a kasuwa ina tambayar tsofaffin mata yadda ake kashe ɗacin tafasa. Kai ka tuna yadda Inna take yi? Na gwada kanwa, na gwada sauya ruwa, bai fito irin nata ba.

Makonnin farko har mafarkin balangu nake yi. Daga baya harshena ya canza. Yanzu ina bambance daddawar kalwa mai kyau da ta ha'inci daga ƙanshi kawai. Wani abin kuma ban gane ba har yau: in na wuce mai tsire, ba yunwa nake ji ba, gida nake tunawa.

Na tambayi limaminmu ko na haramta wa kaina halal. Ya ce muddin ban kira shi haram ba, kuma lafiya nake nema, babu laifi. To ban kira shi haram ba, Yaya. Da wuƙarka ka biya kuɗin makarantata, da ita ka binne iyayenmu cikin mutunci. Har yanzu ina jin zafin yadda ka ba Bashir teburin Baba a kasuwa, ni ka ba ni kuɗin mota ka ce in je in nema. Ban manta ba. Amma ban taɓa kwana da yunwa a gidanka ba, wannan ma ban manta ba.

Ga abin da ke damuna. Kai ba ka gaisawa da ido, da hannu kake gaisawa. Tun ina yaro, in na dawo daga ko'ina, sai ka kama ƙuguna ka matsa yadda kake wa rago a kara, ka ce, "Wannan ya ci," ko "Wannan an cuce shi." Wannan karon za ka matsa ka ji ƙashi. Za ka ce Bauchi ta cinye ni, 'yan majalisar ƙofar gidanka kuma za su fara raɗa sunan cuta. Lafiyata ƙalau. Makon jiya na yi sujada a ƙasa, goshina ya taɓa tabarma, na tashi ban dafa bango ba.

Bashir ya faɗa min akwai rago na biyu da kake turkewa tun bayan Babbar Salla, ban da na suna, wai na tarbata ne. Na san ma'anar wannan a gidanmu. Za ka gasa hanta da kanka, ka yanka, ka miƙo min da hannunka a gaban mutane, kuma ba a taɓa mayar da hannunka ba. In na karɓa, na san kaina, na koma kujera. In na ƙi, na kunyata ka a ƙofar gidanka. Shi ya sa nake roƙo tun daga nan: kada ka miƙo. Bar ragon ya ƙara kwana, ko ka sayar ka gyara rufin ɗakin Inna.

Abin da nake so ƙarami ne. A dafa min wake, a kawo a kwano ɗaya da kai, yadda muke ci muna yara. Ka sa namanka a gefenka, ba zan kawar da kai ba. Ina so in ga ko mahauci zai iya cin loma uku na wake bai yi tsaki ba.

Allah Ya raya abin da aka haifa, Ya ƙara wa kasuwarka albarka, Ya jiƙan Inna da Baba, Ya kawo ni lafiya a kan hanyar nan.

Kada ka sa ran tsaraba mai nauyi. A shekara shida abin da na tara shi ne kuɗin mota zuwa da dawowa, turmin atamfa ɗaya na mai jego, da kilo goma sha huɗu da na sauke.

Ƙanenka,
Isa