Wasiƙun da Na Karanta wa Inna

Jibiya,
9 ga Nuwamba, 1975

Zuwa ga Yayana Rabe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na masaƙar Kaduna. Baba da Inna suna gaishe ka.

Yaya, akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Wata biyar ke nan ina yi wa Inna ƙarya.

Ka san tun da na gama firamare ni ke karanta wasiƙun gidanmu. Yaya Hajo ta aiko guda huɗu daga Magama. Sarai, matar malamin asibitin garin, ita ke rubuta mata, wata mai tallan nono ta kawo ranar kasuwa. A ta farko ta ce mijinta Manu yana dukanta duk ranar da ya dawo daga Maraɗi. A ta uku ta ce ya buga kanta da bango, kunnenta na hagu ya daina ji. A ta huɗu layi biyu ne kawai: tana da ciki, kuma tana roƙon a zo a ɗauke ta.

A zaure nake karanta wa Baba. Yakan rage muryar rediyon da Manu ya kawo masa, ya saurara, ya ce in rubuta mata ta yi haƙuri, haka zaman aure yake. Sannan ya ce in na shiga ciki kada in tayar wa Inna da hankali. Sai in riƙe takardar a gabanta, ina bin layi da yatsa, ina faɗin abin da babu. Har keken ɗinki na ce Manu ya saya wa Hajo.

Ka san Inna ba ta kiran sunan Hajo, tunda ita ce 'yar fari, kuma ba ta taɓa taka gidanta ba saboda kunya. Sai dai ta ce, "Mi mutanen Magama suka ce?" Jiya ta sa na maimaita mata wurin keken, na manta, sai na ce baƙi ne. Ta ce, "Wancan karon ai kore kika ce." Ta yi dariya, ta ƙulla ƙuli-ƙuli a kai wa surukinta.

Yaya, ni ba na iya ɗaga ido a gaban Baba. Kai namiji ne, kuma Hajo ce ta goya ka. In ka zo Babbar Sallah ka je ka taho da ita. Don Allah kada ka nuna wa kowa wannan takarda, musamman Manu, ko da yake na san abokinka ne.

Ka huta lafiya. Ni ce ƙanwarka mai ƙaunarka,
Talatu


Jibiya,
4 ga Janairu, 1976

Zuwa ga Yaya Rabe,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. An ce yanzu a Katsina kake kwana, shi ya sa na ba direban motar garinmu wannan ya kai maka tasha.

Ranar da ka iso sallah na wanke tabarmar ɗakin Hajo, na shanya. Na ga ka tafi Magama da la'asar, na tsaya a bakin ƙofa har magariba. Ka dawo kai kaɗai, da sabon agogo a hannu. Ka ce mini kai da Manu kun yi magana irin ta maza, ya rantse ba zai ƙara ba. Na yarda, don kai ka faɗa.

Makon jiya mai nono ta ja ni bayan rumfar masu goro ta ba ni saƙon Sarai. Ashe wasiƙata ka miƙa masa, ya karanta da idonsa. Ya ga sunan Sarai a ciki. Ya je har asibiti ya zage ta a gaban masu jiran allura, ya hana Hajo awon ciki, ya sa kwaɗo a ƙofar gida. Maƙwabta sun ji kukanta ranar da ka bar garin. Sai kuma na ji Baba yana faɗa wa mutane cikin murna cewa ka bar masaƙa, kai ne za ka riƙa tuƙa sabuwar motar Manu mai kai siminti tsallaken iyaka.

Mutum ɗaya ce Hajo take da ita a garin nan, kuma ni na rubuta maka sunanta da hannuna.

Yanzu wasiƙun Magama da rubutun Manu suke zuwa. Sun ce Hajo tana lafiya, ta yi ƙiba. Baba ya ce to madalla, in shiga in karanta wa Inna yadda take, babu abin ɓoyewa. Na karanta ban canja ko harafi ɗaya ba, kuma ban taɓa jin na yi ƙarya kamar ranar ba.

Ban san abin da na yi maka ba, Yaya. Abu ɗaya na roƙe ka.

Ƙanwarka,
Talatu


Jibiya,
25 ga Janairu, 1976

Zuwa ga Yaya Rabe,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Ba ka ba ni amsa ba, na kuma daina jira.

Yau kasuwa. Da Baba ya fita, na ɗauko wasiƙun Hajo huɗu daga cikin littafina na aji bakwai. Inna tana gyaran gyaɗa. Na zauna kusa da ita, na ce akwai karatun da ban yi daidai ba. Na karanta su bi da bi, har layi biyun ƙarshe.

Ba ta dake ni ba, ba ta yi kuka ba. Ta cire hannunta daga cikin faifai. Sannan ta ce, "Hajo." Shekarata goma sha biyar, yau na fara jin sunan nan a bakinta. Ta sake faɗa, kamar mai kiranta daga ɗaki.

Ta aike ni na kira Nagoggo ungozoma, wadda ta yanke mana cibiya dukkanmu. Nagoggo ta ce cikin fari ne, a gidanmu za a haife shi, kuma tana so ta ga kwaɗon da zai hana ta shiga. Gobe da hantsi za mu hau motar Magama mu uku, mu fara biyawa ta wurin Sarai, daga nan sai gidan mai gari. Wasiƙun suna ƙulle a bakin zanena, kuma ni zan karanta su a can. Inna ta ce da kanta za ta faɗa wa Baba in ya dawo.

Daga yau abin da ke kan takarda shi zan karanta, in kuma na san ƙarya ce zan ce ƙarya ce. Na sake wanke tabarmar Hajo.

Wannan kana iya nuna wa duk wanda ka ga dama.

Wassalam,
Talatu