Layin Marina Ba Ya Cikin Taswira

Litinin, 12 ga Mayu, 2025

Sun ba ni aikin. Ni, Juwairiyya 'yar Hadi mai gadi, ni zan zana inda za a kafa fitilun sola a Birnin Kudu, in an gama kuma mu wuce Gwaram.

Injiniya Saifullahi, shugabanmu a kamfani, ya shimfiɗa taswirar garin a kan tebur ya ce, "Turaku saba'in gare mu. Ba haske kawai nake so ba. So nake matafiyi ya shigo da dare ya san ya shigo gari." Na ce to. Yana ta bayanin shataletale da bakin kasuwa, ni kuwa idona na kan wani ɗan siririn layi a gefen takardar. Layin Marina.

Ban gaya wa Inna ba tukuna.

Laraba, 14 ga Mayu

Yau awo muka yi daga tasha zuwa hanyar asibiti. Taku arba'in tsakanin turke da turke. Babbar hanya farin haske, cikin gari mai ɗan ja-ja irin na aci-balbal, don kada tsohuwar unguwa ta koma kamar ɗakin tiyata. Wannan shawarata ce, kuma ya karɓa.

Mun wuce ta bakin Layin Marina. Dakalin yana nan. An yi masa sabon siminti.

Asabar, 17 ga Mayu

Bari in rubuta shi sau ɗaya, don kada wata rana zuciyata ta yi sanyi in ce ban tuna ba.

Shekarata goma sha ɗaya aka kawo fitilun farko a layin. Aka ɗauki Baba gadin akwatunan batir. Wata shida yana kwana a waje, da tocila da sanda. Ran nan aka wayi gari batir huɗu babu. Alhaji Munzali, shugaban unguwa a lokacin, bai tambayi kowa komai ba. Ya tsaya a kan dakalinsa bayan sallar azahar, mutane cike, ya nuna Baba da carbi ya ce, "Wanda aka ba amana ai shi ya san inda take." Suka shigo gidanmu. Suka ɗage katifar Inna, suka zazzage buhun dawa a tsakar gida, har kwallar kayan aurenta suka buɗe. Ba su sami ko waya ɗaya ba. Ba wanda ya ce yi haƙuri.

A makaranta aka sa mini suna 'yar mai batir. Baba ya daina zuwa masallacin layin. Kafin damina muka kwashe muka koma Kiyako, wurin dangin Inna. Shekara biyu ya yi yana noma ba ya hira da kowa, sannan ya kwanta, bai ƙara tashi ba.

Shi ke nan. Na rubuta.

Talata, 20 ga Mayu

Layin Marina: babu turke. Dalilin da na rubuta a rahoto: itatuwan darbejiya sun rufe sama, farantan sola ba za su sami rana ba.

Darbejiya uku ce kacal. Na sani. Wa zai je ya ƙirga?

Alhamis, 22 ga Mayu

Gwaram. Mun je duba wurare kafin lokacinsu ya zo. Wata dattijuwa mai suna Munawwara ta kama hannuna a bakin rijiya ta ce, "'Yar nan, in za ku kafa abin nan, kada ku leƙo mana da shi cikin gida. Lokacin zafi a tsakar gida muke kwana." Ban taɓa tunanin wannan ba, kuma ba a koya mana shi a makaranta ba. Na rubuta: a sunkuyar da kan fitila ga titi, kada haske ya haura katanga.

A mota muna dawowa na yi ta tunanin in kafa guda ɗaya doguwa daidai katangar Alhaji Munzali, fara tas, ta hana gidansa barci har ƙarshen rayuwarsa. Na yi dariya ni kaɗai har direba ya waiwayo. A'a. Duhu ya fi. A duhu ya sa Baba ya kwana wata shida.

Lahadi, 25 ga Mayu

Na je Kiyako. Inna tana tsince wake na gaya mata aikin. Ta yi ta sa albarka. Da na ce Layin Marina ba ya ciki, hannunta ya tsaya a cikin faifai.

"Ke kika cire shi?"

Na ce itatuwa ne.

Ta dube ni irin kallon da take mini ina ƙarama in na ce na yi sallah alhali ban yi ba. Da zan tafi ta ƙulle mini daddawa, ta ce in gaida Kubra, tsohuwar maƙwabciyarmu ta Layin Marina, in na gan ta.

Ban je na gan ta ba.

Juma'a, 30 ga Mayu

YA ZO.

Alhaji Munzali da kansa, da babbar riga da sanda, wani maƙwabcinsa na riƙe da gwiwar hannunsa. An liƙa jerin layukan da za su sami fitila, nasu babu. Na bar shi a kan benci tun ƙarfe tara har aka fara shirin tafiya masallaci. Ina jin tarinsa ta taga. Na sha shayi. Na sake shan wani.

Da ya shigo bai gane ni ba. Ya tsufa, wuyansa duk ya saki. Ya ce, "'Yata, a taimaka mana. Layinmu tsohon layi ne, da mu aka fara fitila a garin nan."

Na ce, "Na sani, Alhaji. Ina nan lokacin. Juwairiyya ce, 'yar Hadi mai gadi."

Shekara goma sha shida ina shirya wannan maganar. Na zaci zai zube. Ya murza kan sandarsa, ya ce, "Allah ya jiƙan Hadi." Sai kuma, "Abin ai ya daɗe."

Ya daɗe! A wurinsa.

Na ce masa taswira ta riga ta wuce hannuna. Ƙarya ce, tana cikin durowata. Na tsaya a taga ina kallonsa yana laluben matakala da sanda. Na ji daɗi. In ma zunubi ne, na ji daɗi.

Laraba, 11 ga Yuni

An dawo daga hutun Sallah. An fara haƙa ramuka. Turke goma sha biyu sun tsaya a hanyar tasha.

Asabar, 21 ga Yuni

Mutanen Layin Marina sun aiko takarda da sa hannun mutum talatin da wani abu, har da masu dangwala yatsa. Na sa ta a ƙarƙashin fayil. Injiniya ya tambaye ni ko akwai wani ƙorafi, na ce ƙananan abubuwa ne.

Talata, 1 ga Yuli

An kunna.

Bayan isha Injiniya ya kwashe mu muka hau kan dutse don mu ga garin daga sama. Wallahi ya yi kyau. Farar hanya ta miƙe kamar zare, cikin gari kuma ja-ja, hasumiyar masallaci ta fito, rumfunan kasuwa sun fito. Masu shayi har sun jawo teburansu ƙarƙashin turaku. Ana jin ihun yara daga ƙasa.

Ta gabas da kasuwa kuwa, wani baƙin wuri, dogo, kamar an cire haƙori. Injiniya ya nuna ya ce, "Can fa?" Na ce darbejiya. Ya ce kash.

Na daɗe ina kallon wurin. Yanzu da ko'ina ya yi haske, duhunsa ya fi na da. Haka nake so. Duk wanda ya hau dutsen nan zai ga inda Munzali yake zaune.

Tsohon gidanmu ma yana ciki, amma wannan ba komai.

Lahadi, 6 ga Yuli

Ruwa tun la'asar. Ban fita ba.

Litinin, 7 ga Yuli

Kubra ta faɗa kwalbatin bakin Layin Marina jiya bayan magariba. Ta tashi daga wurin suyar awararta a bakin kasuwa, da kasko a ka. Ta fito daga haske ta shiga duhu, idonta bai washe ba, ruwa kuma ya shafe bakin ramin. Ƙafa ta karye a wuri biyu. Man suya ya zubo mata a kafaɗa.

Kubra. Ita kaɗai ce ta shigo gidanmu ranar da aka zazzage dawar, ta durƙusa ita da Inna suna kwashewa da hannu. Ita ta raka mu har bakin mota ranar da muka tashi.

Kwalbatin ba aikina ba ne. Ba ni na bar shi a buɗe ba. Shekara nawa yana haka?

Ba aikina ba ne.

Alhamis, 10 ga Yuli

Na je asibiti. Na kai lemo da madara, ina jin kunyar ledar a hannuna.

Ta rame. Ta gane ni tun daga ƙofa. "Juwairiyya! Injiniya guda!" Ta sa na zauna a bakin gado, ta tambayi Inna, ta tambayi ko na yi miji. Sai da 'yarta Na'ima ta fita ɗebo ruwa sannan ta rage murya.

"An ce ke kika hana mu wuta."

Na fara maganar darbejiya. Ta ɗaga hannu.

"Ni na ga abin da aka yi wa Hadi, ba sai kin gaya mini ba. Amma ke ba ki san Alhaji ba ya gani ba? Shekara uku ke nan. Dare da rana duk ɗaya ne a wurinsa. In magariba ta yi ma ba ya fita. Mu ne muke fita, 'yar nan."

Na tuna shi yana laluben matakala. Na zaci tsufa ne.

Ta ce, "Ban ce ki yafe masa ba. Wannan tsakaninku ne da Allah."

A hanya na yi ta jin haushi, kuma ban san wa nake jin haushi ba. Wata biyu ina gina masa duhu, ashe ya riga ni shiga. Ko wannan ma sai da ya ƙwace mini.

Asabar, 12 ga Yuli

Ban yafe ba. Ina so a san wannan. Ko da yake wa zai karanta.

Talata, 15 ga Yuli

Na ciro takardar masu sa hannu na kai wa Injiniya, tare da sabon awo. Na ce rahoton darbejiya ba daidai ba ne. Ya karanta, ya cire tabarau.

"Kuskure ne, ko kin sani tun farko?"

Na ce na sani.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce akwai turaku uku da aka ware don ƙawata allon maraba a shigowar gari, a kai su can. Sannan ya ce taswirar Gwaram Rukayya ce za ta zana, ni in riƙa bin masu haƙa rami. "Wanda ke riƙe da alƙalamin nan, unguwa guda yake riƙe da ita," in ji shi.

Rukayya da ni na koya mata awo. Na shiga banɗaki na yi kukana na wanke fuska. Na ba ta bayanin Munawwara, kada ta manta da katangu.

Duk Munzali ne ya jawo. Har yanzu shi ne.

Asabar, 19 ga Yuli

An haƙa uku. Ɗaya a bakin kwalbati, ɗaya a ƙofar masallaci, ɗaya a kwanar gidan Kubra. Ba ko ɗaya a ƙofar Alhaji Munzali. Na auna da kaina, sau biyu. Mutanen layin sun haɗu sun rufe kwalbatin da katako kafin a samo murfi.

Wata mata ta miƙo mini kunun aya ta kan katanga. Ban san ta ba. Ta ce ta san Baba.

Laraba, 23 ga Yuli

An kunna na Layin Marina da magariba. Na tsaya don in duba ko kawunan sun sunkuya yadda ya kamata, aikina ne.

Alhaji yana zaune a dakali, an fito da shi. Na zo wucewa, ya ji muryata ina magana da mai ɗaura fitila.

"'Yar Hadi ce?"

Na ce ni ce.

"An ce an kunna." Ya ɗaga fuska sama, ba ma ta wajen da fitilar take ba. "Ya kawo nan?"

Hasken na masallaci ya tsaya kamar taku biyu kafin dakalin. Haka na auna shi. Mai ɗaurawa yana kan tsani har lokacin, yana jira in ce ya ƙara ɗaure kusoshi ya sauko.

Alhaji ya ce, a hankali, kamar da sandarsa yake magana, "Batiran nan. Ba Hadi ba ne. Tun a shekarar na sani."

Na ce, "Mu ma mun sani."

Na jira ko zai ƙara wani abu. Bai ƙara ba. Wai shi ke nan, shekara goma sha shida. Ban ce na yafe ba, shi ma bai roƙa ba. Gobe in na je Kiyako zan gaya wa Inna abin da ya ce, ita ke da hakkin ji.

Na ce wa mai tsani ya ɗan ɗaga kan fitilar kaɗan. Akwai rami a gefen dakalin, masu zuwa sallar asuba suna bi ta wurin. Saboda ramin ne.

Ya sake tambaya ko ya kawo. Na ce ya kawo, Alhaji.