Wa Ya Sa Wuta?

Malam,

Assalamu alaikum. Ina roƙonka ka taimake ni da shawara, kuma ka gaggauta, domin na riga na yanke wani hukunci a raina kuma ranar zartar da shi ta matso. Ba al'adata ba ce in faɗa wa mutane abin da ke damuna. Wannan takardar ma sai da na yayyaga 'yan'uwanta kafin na bar ta.

Ni mutumin Ketare ne. Na yi karatun lantarki a jami'a, aka ba ni aiki a Kaduna na ƙi, saboda mahaifina ya manyanta kuma ni kaɗai ne namiji a gidan. Ban yi asara ba da farko. Tun da kuɗin man fetur ya shigo ƙasar nan, duk attajirin da ya ji nauyin aljihunsa sai ya yo odar inji daga Turai, a sauke masa shi da takardun da babu mai iya karanta su. Aikina shi ne haɗawa da gyara akwatunan da ke sarrafa wutar irin waɗannan injuna, daga Ƙanƙara har Sabuwa.

Wani attajiri a Faskari, zan kira shi Alhaji Mamuda, ya kafa injin gurzar auduga. Ni na haɗa masa wutarsa tun daga janareta. Ya ɗora ƙanin matarsa, Lawwali, a kan aikin. A cikin akwatin akwai fiyus, wani ɗan abu da aka yi shi don ya mutu a madadin inji: idan wuta ta yi yawa sai ya tsinke, komai ya tsaya. Da kaka ta yi, auduga ta taru, Lawwali ya riƙa ɗora wa injin abin da ya fi ƙarfinsa, fiyus yana tsinkewa, ana aikowa a kira ni. Na gaya masa ya rage lodi, na maimaita. Wata rana ina Sabuwa, ya gaji da jira, ya sami waya mai kauri ya ɗaura a gurbin fiyus. Bayan azahar akwatin ya kama, wutar ta tsallaka zuwa rumbun auduga. Allah ya kiyaye rai, amma gumin manoma da yawa ya zama toka.

Aka zauna a zauren Alhaji, da dattawa da wakilin hakimi. Alhaji ya tambaya wa ya sa wuta a ɗakin injin. Lawwali ya ce Injiniya ne ya sa wuta, kowa ya sani. Aka juyo gare ni, aka tambaye ni ko haka ne. Malam, ka san harshenmu: mai haɗa lantarki ya sa wuta, mai ƙyasta ashana ma ya sa wuta. Ni kuwa ba na iya musun abin da yake gaskiya, ko da rabinsa ne. Na ce ni na sa, na dakata don in tsara maganar da za ta raba wannan wutar da waccan. Kafin in tsara ta, zaure ya ɗauki salati. Alhaji ya ɗaga hannu ya ce ya yafe mani saboda darajar mahaifina. Yafiyar nan ita ta gama da ni, domin wanda babba ya yafe wa a gaban dattawa ba shi da sauran bakin jayayya. Lawwali yana kallon tabarma. Washegari na tono wayarsa a cikin toka, rabinta a narke. Tana wurina har yau.

Shekaru sun wuce, sunan bai wuce ba. A kasuwar Yankara Injiniya Ashana ake ce mani. Direbobi suna ganina sai su ce a janye buhunan auduga. Matata Saudatu ta je biki, wata ta ce a cikin raha kada a bar ta kusa da murhu, tunda abin na gida ne. Manyan ayyuka sun bar ni, na koma gyaran rediyo. Duk wannan zan iya ɗauka. Abin da ba na iya ɗauka shi ne Baba. Mutumin da bai taɓa fashin kasuwa ba, yanzu sai ya ba maƙwabci tumakinsa ya kai masa. Bai taɓa tambayata ba, kuma na fahimci dalili: yana tsoron amsar.

Yanzu Lawwali ya rabu da Alhaji, ya kafa injin niƙa da casar shinkafa nasa a Sabuwa. Akwatin wutarsa ya lalace, masu gyara na Kaduna sun ce sai bayan kaka. Ya aiko mani da gaisuwa da goro, kamar babu abin da ya taɓa shiga tsakaninmu. Na ce ina zuwa.

Ga abin da na shirya. Zan gyara masa akwatin, gyara mai kyau. Sa'an nan in ɗauki ragowar wayarsa in ɓoye ta a cikin ɓawon fiyus, ta yadda duk wanda ya duba zai ga sabo. Injin zai yi aiki lafiya har ranar da zai ɗora masa lodin da na san halinsa ba zai bar shi ya ƙi ɗorawa ba. Ba ni zan ƙona shi ba, haɗamarsa ce. Ba na nufin ran kowa. So nake shi ma ya zauna a zaure a tambaye shi, ni kuma in kalli tabarma.

Shin wannan ba ramuwa ce daidai da daidai ba? Na bincika hujjata ta kowace fuska ban sami ɓaraka ba, kuma ban ji daɗin rashin samunta ba.

Naka,
Wanda Aka Yafe Wa, daga Ketare

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa.

An zalunce ka, ba na rage ko kaɗan daga wannan. Lawwali ya san abin da dattawa za su ji a maganarsa, ya faɗe ta haka da gangan, ya bar ka da kayan da shi ya ɗaura. Fushinka yana da tushe.

Amma ka ce ba ka sami ɓaraka ba, to ga ta. Ka yi lissafin inji, ka manta da wanda ke tsaye kusa da shi. Ranar da akwatin nan zai kama, Lawwali yana iya kasancewa a Funtuwa yana shan lemo. Waɗanda za su kasance a wurin su ne mai kula da injin da matan da suka kawo dawa da shinkafa, wasu da goyo a baya. A Faskari Allah ya kiyaye, amma babu wanda ya yi maka alkawarin haka a Sabuwa. Kai ka fi ni sanin cewa wuta ba ta tsayawa inda aka auna mata.

Na biyu, ko da babu wanda ya ji ciwo, me za ka samu? Kowa zai san wanda ya taɓa akwatin daga ƙarshe. Inji biyu sun ƙone, hannu ɗaya ya taɓa su. Ƙaryar da aka yi maka za ta zama gaskiya, kuma a wannan karon ba za ka iya duban Baba ba ko da ya tambaya.

Bari in yi wa dattawan nan adalci su ma. An tambaye ka, ka amsa, suka ji abin da kunne yake ji. Sun yi gaggawa, haka ne, amma tun daga ranar kai ma ba ka koma ka ƙarasa maganarka ba. Auna magana hali ne mai kyau, sai dai wadda aka yi ta aunawa shekara da shekaru ba a faɗa ba, ba ta amfani kowa.

Ga shawarata. Ka fara da Baba, yau ɗin nan. Ka ajiye masa wayar a gabansa, ka gaya masa da Hausar gida abin da ya faru, kada ka jira jimlar ta tsaru. Ka gaya wa Saudatu. Sa'an nan ku je wurin Alhaji Mamuda da Baba da wani dattijo da ya halarci zaman farko. Ka gode masa da yafiyarsa, ka roƙi izinin ƙarasa amsar da ka fara. Wannan ba rashin kunya ba ne.

Shi kuwa Lawwali, yanzu shi ke da buƙata, kuma halal ne ka sa sharaɗi. Ka gaya masa ba za ka taɓa injinsa ba sai ya faɗi gaskiya a gaban waɗanda ya yi ƙarya a gabansu. Idan ya yarda, ka gyara masa tsakani da Allah, da shaidu a tsaye. Idan ya ƙi, ka bar masa injinsa ya jira mutanen Kaduna, kaka ta wuce shi yana kallo. Ba zan ce maka sunan nan zai bar bakin direbobi nan da nan ba, amma mutanen da ka damu da ra'ayinsu za su san gaskiya.

Ka je Sabuwa yadda ka yi alkawari. Sai dai ranar, ka bar jakar kayan aikinka a gida, ban amince da zuciyarka ita kaɗai a gaban akwatin nan ba tukuna. Bakinka kawai za ka tafi da shi.

Allah ya sanyaya maka, ya wanke sunanka, ya ƙara wa Baba lafiya.