Ɗana ya saya wa 'yarsa sensar keke da ya san ba za ta yi aiki ba

Assalamu alaikum mutanen gidan nan. Admin, ni ban yi boko ba, murya na turo maka, ka rubuta yadda na faɗa, kada ka gyara mini magana, kada kuma ka sa sunana. Don Allah ku ba ni shawara, raina a ɓace yake.

Ni tsohuwa ce a Zongon Kumasi, da tukunyar waakye, shinkafa da waken nan namu, na raini 'ya'yana, ban taɓa tsayawa ƙofar wani da roƙo ba. Ina da jika mace, tun yaye aka kawo mini ita, a gadona ta girma, ƙawata nake ce mata. Allah ya sa mata son keke, ba na zuwa kasuwa ba, na tsere, mai siririyar tayar nan. Da dogon wandonta da ɗankwalinta a ƙarƙashin hular kwano take hawa, kafin in sauke tukunyar farko ta je Oforikrom ta dawo. Matan layinmu sun yi surutu, na bi su gida gida, yanzu sai dai su yi da ido.

Ubanta shi ne ɗan farina, ko sunansa ban taɓa kamawa ba. Gyaran keke yake yi a Tafo tun yana saurayi. Bai taɓa son hawan nan ba, wai a masallaci ana ce masa baban direba, amma bai isa ya faɗa a gabana ba.

To kawunta na wajen uwa ya aiko mata da wata 'yar kwamfuta daga Turai, kwance ce ba sabuwa ba, ƙarama kamar akwatin ashana, a kan keke ake ɗaura ta. Kocinsu ya ce saura sensa, wani ɗan abu kamar maɓalli da ake ɗaurewa a ƙarfen feda, yana ƙirga juyin ƙafa yana gaya wa kwamfutar. Ya ce wanda bai kawo masa lissafin ƙafarsa ba, ba zai sa shi cikin masu zuwa tseren Accra ba. Sai ga uban nata da kansa ya kawo sensa sabuwa dal a leda, shi ya ɗaura mata da hannunsa. Yarinyar nan har kuka ta yi, tana ta cewa Kaka kin gani, Baba ya yarda. Ni ma sakarya na zuba masa waakye da ƙwai da wele, wato ganda, har ya rasa inda zai sa cokali.

Abu ya ƙi aiki. Wutarsa na ƙiftawa, kwamfuta shiru. Ta canza batir, ta kwance ta sake ɗaurawa, shiru. Ta kira uban, ya ce ai ita ta lalata da rawar kanta, shi lafiya lau ya kawo.

Ni ba a yi mini haka. Na ɗauki ledar da sensar da kwamfutar na ƙulle a bakin zane, na hau trotro, motar haya, na yi ta tambaya har na sami shagon da ya saye ta. Mai shagon Asante ne, ya zaci ba na jin Twi, na gyara masa zama. Ya juya kwamfutar ya ce Maame, wannan tsohon yayi ce, wani yare wai shi Ant kaɗai take ji, sensar nan kuwa Bulutut ce, da waya take magana. Ya ce ai ya san mai gyaran Tafo, kwastomansa ne, kuma ranar da ya zo saye ya gaya masa ba za su haɗu ba, har ya miƙa masa mai yin duka biyun, ɗan nawa ya ture ya ce wannan ɗin yake so.

Jama'a mutumin da ya tsufa a cikin keke! Na aika ya zo, ya zauna yana kallon ƙasa, wai Hajiya, gara yarinyar ta bari da kanta da a ce shi ya hana. Na ce ashe ragon namiji na haifa, mai tsoron bakin 'yan masallaci ya zo yana yi wa 'yarsa dariya da haƙora. Na ce ya tashi mini daga tabarma.

Masu ilimin keke ku gaya mini, mai yin duka biyun nan da gaske za ta kama tsohuwar kwamfuta, ko in nemi mai Ant zalla? Zan sa a haɗa su a gabana in ga lamba na motsi kafin in bar shagon. Mai niyyar yi mini wa'azin mace da keke ya riƙe abinsa, na girmi uwarsa.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne ƙawata ba ta san komai ba. Ta yarda ita ta lalata kyautar babanta, abinci ma ta rage. Ta ce ranar Juma'a za ta je Tafo ta durƙusa ta ba shi haƙuri. In na faɗa mata gaskiya, na san zuciyarta irin tawa ce, ba za ta sake kallonsa da idon uba ba. In na yi shiru, zan zauna ina kallo ta sa gwiwa a ƙasa a gaban wanda ya cuce ta, shi kuma ya ce ya yafe. In bar ta ta je, ko in tare ƙofa?