Allon Wajdi

12 ga Afrilu, 2023

Zuwa ga yayata Mabruka,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da 'yarki Salwa da jikokinki. Yaya ciwon gwiwa? Yaya azumi a Palermo, can ƙasar Turawa, inda ba ki jin kiran salla? Matata Jalila tana gaishe ki, ta ce harisar da ta aiko, yajin barkonon nan namu, ta bana ce, kada ki yi rowarta. Takardar nan Hammadi mai kai man zaitun zai miƙa miki hannu da hannu, don wayar ƙasar nan ta sake yin kunne kamar da.

Yaya, ki zauna kafin ki ci gaba. Za su cire sunan Wajdi daga dandali.

Kin ji an rusa majalisun garuruwa a watan jiya. Mutanen da muka zaɓa da hannunmu an sallame su da takarda guda, aka miƙa gari ga sakatare. Kin san ko wane ne? Si Rida. E, shi ɗin dai, wanda yake kan kujerar tun zamanin tsohon shugaba, wanda ya ɓuya a gidan surukansa lokacin juyin juya hali, bayan mako uku ya fito da tuta a wuya yana kiran kowa ɗan'uwa. Shekaranjiya ya aiko a kira ni. Ya tambayi lafiyarki, ya ce Allah ya jiƙan shahidinmu, sannan ya turo mini takarda. Daga yanzu sunan wurin Dandalin Sabuwar Jamhuriya, kuma ni zan rubuta.

Na ce, "Si Rida, ɗan yayata ne fa."

Ya ce, "Haba Si Munji, wa ya kai ka iya harafi a garin nan? Umarni ne daga sama, ni ma ɗan aike ne." Shekara talatin mutumin nan yana ɗan aike, kuma duk wanda ya aike shi ya tafi ya bar shi a kan kujera.

Ina da shekara ashirin da huɗu na hau tsani na rubuta Bakwai ga Nuwamba a allon ƙarfen nan na dandali, don tuna ranar da tsohon shugaba ya karɓi mulki, har ana yi mini tafi. A Janairun 2011, kwana tara bayan an harbe ɗanki a gaban kantin magani, na sake hawa na shafe, na rubuta Dandalin Shahidi Wajdi. Ke ce kika riƙe mini tsanin.

To ki gaya mini, ban da wannan allo me muka samu? Sau goma sha huɗu muka je kotu, sau goma sha huɗu kujerun waɗanda ake tuhuma babu kowa a kai, alƙali ya dubi agogo ya ɗage zama. Aikin da Wajdi ya fito nema, abokansa har yau suna nemansa a bakin gidan shayi, sun fara furfura. Allo ɗaya tal aka ba mu, kusoshi huɗu, shi ma sun yi mana baƙin cikinsa.

An ba ni zuwa bayan salla. Ban amsa ba, ban kuma ƙi ba. Raina a ɓace yake ƙwarai, ko abin buɗa-baki ba na jin ɗanɗanonsa.

Ki yi mini addu'a. Ƙaninki,
Munji


28 ga Mayu, 2023

Yayata Mabruka,

Ina gaishe ki da gaisuwar girma, da fatan kun yi salla lafiya. Allah ya raya Salwa da yaranta. Wasiƙarki ta iso, na karanta sau uku, kowane karo sai ta fi zafi.

Kin ce in cire allon in aiko miki, tunda garin bai san darajarsa ba. Ba zan yi ba. A nan jininsa ya zuba, a nan sunansa zai zauna.

Kin kuma tuna mini cewa shekara biyu da suka wuce, ranar da aka rufe majalisar ƙasa da tankar soja, ina cikin masu murna a titi. Gaskiya ne, ba zan musa ba. Na danna hon ɗin babur ɗina har ya lalace. Shekara goma muna zaɓe, ina dawowa gida da tawada a yatsa ina nuna wa Jalila kamar wanda ya ci gasa, su kuma waɗanda muka zaɓa suna zage-zage a talabijin, burodi yana ƙara tsada. Na gaji, Yaya. Da wani ya ce zai share su duka, sai na tafa. Ban tsaya na tambayi wa zai hana mai sharar idan ya juyo kanmu ba. Amma ke ma kada ki manta, a waɗannan shekaru goma na zagi shugabanni uku a gidan shayi da babbar murya, na koma gida na kwana lafiya. Yanzu idan an ambaci gwamnati sai kowa ya dubi kofinsa. Wancan 'yancin Wajdi ne ya saya mana, mu muka sake shi.

Yanzu ga abin da zai ɓata miki rai. Na yi aikin. Ki ƙarasa karantawa kafin ki yaga takardar.

Na lura idan na ƙi, za su kawo wani daga birni ya kankare allon har ƙarfe. Sai na ce zan yi. Sunan Wajdi da fentin mai na rubuta shi, hawa uku, wanda ko guduma sai ta sha wahala. Wannan sabon kuwa, fari da baƙinsa duk fentin ruwa ne, irin na bangon ɗaki, na ƙara tsinka shi. Daga ƙasa babu mai ganewa. Si Rida ya zo da mai ɗaukar hoto, ya ce, "Ka ga aiki! Hannunka bai tsufa ba, Si Munji." Na ce ai wannan aikin Allah ne kaɗai zai biya. Ruwan sama na farko mai ƙarfi zai wanke Sabuwar Jamhuriyarsu tas, Wajdi ya fito.

Ban gaya wa kowa ba sai ke, ko Jalila. Kwana shida ba ta yi mini magana ba, kuskus ma a kan tebur take dangwara mini ta wuce. Tahar mahauci ya ɗaga murya a kasuwa ya ce, "Ku ba da hanya ga mai burushi, ko kabarin uwarsa aka ba shi zai shafe!" Na haɗiye. Ina jiran ruwa, ga shi shekara ta huɗu ke nan muna cikin fari, famfo ma sai an ga dama.

Ki ƙona takardar nan. Naki har kullum,
Munji


17 ga Disamba, 2023

Yayata abar ƙaunata,

Sallama da gaisuwa, da fatan sanyin can bai tayar miki da gwiwa ba. Ina gaida Salwa. Mu nan lafiya lau, idan lafiyar jiki ake nufi.

An yi ruwa, Yaya. A ƙarshen Nuwamba, kwana biyu ana zuba shi kamar da bakin ƙwarya. Da ya tsagaita na fita da laima, na tsaya a gaban kantin magani na ɗaga kai. Ga shi nan, harafi bayan harafi, fes kamar ranar da kika riƙe tsani. Na yi kuka a tsakiyar titi, ban ji kunya ba. Na dawo na gaya wa Jalila komai, ta rungume ni, sannan ta zage ni, sannan ta haɗa mini jaka da bargo da maganin hawan jini, muka zauna jiran masu kama ni.

Kwana ɗaya, kwana biyar, mako uku. Babu wanda ya zo. Ba ma 'yan sanda ba, ko Tahar bai zo ya ce ya yi kuskure ba. Na koma dandali na zauna tun safe har azahar ina kallon mutane. Wallahi ko mutum ɗaya bai ɗaga kai ba. Wannan yana layin sukari, wancan yana layin madara. Direbobin haya suna kiran fasinja, "Bakwai! Bakwai, saura mutum ɗaya!" Sai a lokacin na ji da kunnena abin da na shekara goma sha biyu ina ƙin ji. Ba su taɓa daina kiran wurin da sunan farko ba.

Da haushi ya ishe ni na tafi wurin Si Rida da ƙafata. Na ce, "Ka ga allon kuwa?" Ya yi dariya har yana share ido. Ya ce, "Tun washegari na gani, ja'iri. Kwantar da hankalinka, wa yake karanta allo? An turo na roba daga babban birni, bugun inji, ran Litinin za a kafa. Wancan masu tsohon ƙarfe za su ɗauka." Na so a ce ya daure ni. Da an kai ni kurkuku, da na san sunan yana da sauran nauyin da ake tsoro.

Ran Asabar da rana tsaka na ɗauki tsani na tafi. Iska tana kaɗawa, tsanin yana rawa, sai wani ɗan sanda da ke gadin mahaɗar, wanda bai wuce shekarun Wajdi ba, ya zo ya riƙe mini. Ina kwance kusoshi ya ce, "Baba, wai wane ne shi? Ɗan ƙwallo ne?"

Na ce, "Ɗan yayata ne."

Ya ce, "Allah ya jiƙansa. Hatsari ya yi?"

Na ce, "A'a, ɗana. Mai irin kayan nan naka ne ya harbe shi, nan inda ƙafarka take."

Bai saki tsanin ba har na sauko, amma bai sake ɗaga kai ba.

Kin yi gaskiya, ni ne na yi taurin kai. Allon yana cikin bargon nan da Hammadi zai ba ki. Ki goge shi da tsumma mai laushi kawai, kada ki kankare, don Bakwai ga Nuwamba tana nan a ƙarƙashi. A 2011 sauri muke yi, shafewa kawai na yi, ban cire ta ba.

Kin tuna lokacin da abokansa suke hawa kwalekwale suna haye teku, kika roƙe shi ya bi su, ya ce shi ba inda za shi, a nan zai tsaya a gyara. Gobe da hannuna zan sa shi a jirgin ruwan Palermo. Hoton takardar nan zan tura wa Salwa ta waya a daren nan don ta riga jirgin isa, mai kunne ya ji. Ki je tashar ki tarbi ɗanki.

Ki yafe mini. Ƙaninki,
Munji