Allon da ke Gaban Studebaker

Aberdeen, 14 ga Satumba

Baba,

Ina gaishe ka, da fatan kuna lafiya kai da Mama. Yaya gwiwar taka? A gaida Goggo Doreen da mutanen South Bend. Ni ƙalau nake. Tarin ya ragu, ɗakin ma ba shi da sanyi sosai idan na kwana da riga biyu.

Na ga hoton bajekolin tsofaffin motoci da Mama ta aiko. Barka da cin kofi. Studebaker ɗinmu ta 1957 ta yi kyau, kamar yau aka ƙera ta. Na kuma karanta allon da ke gabanta: “Aikin Harlan Voss da ɗansa Wendell.” Ban san Yaya Wendell ya taɓa riƙe sifana ba. Ni dai na tuna hutu huɗu da na yi a garejinka ina kwance na'urar da ke cusa wa injin iska, ina haɗawa, shi kuwa sai ya leƙo ya ce, “Sannu da aiki, Farfesar baƙin mai.”

Na tambayi Mama a waya, ta ce, “Lorna, kin san babanki. Wai alƙalai sun fi son labarin uba da ɗa.”

Ka ce motar ta fara shaƙewa, in aiko da littafin da na rubuta saitinta. Jiya na kai shi gidan waya, don ita motar ba ta yi mini laifi ba. Sunana na jikin bangon. Wendell na iya yage shi, ba zai hana ta tashi ba.

Allah ya ƙara lafiya.

'Yarka,
Lorna