Motar Da Baba Bai Taɓa Jin Kukanta Ba

Assalamu alaikum. Gaisuwa ga mai kula da wannan shafi da duk masu bibiya, Allah ya bar zumunci. Don girman Allah a sakaya sunana, domin Zangonmu na Sokode, a nan ƙasar Togo, ƙaramin wuri ne, in ka yi tari a ƙofar masallaci kafin ka isa gida an yi wa matarka ya mai jiki. Kuma ina roƙo, kafin ku fara zagina ku karanta har ƙarshe. Zagin ma na yi wa kaina wanda ya ishe ni, shawara nake nema.

Ni ɗan kasuwa ne, maganin dabbobi nake sayarwa. Ina ɗauka a Sokode in kai wa makiyaya da masu shaguna a Dapaong da kasuwannin kewaye, kusan kowane mako ina kan wannan hanya. Ni ne auta a gidanmu, kuma ni nake zaune da mahaifinmu. Baba tsohon direban babbar mota ne, ya yi ƙuruciyarsa duka yana jigilar shanu da goro a kan hanyar da nake bi yanzu, har ciwon ido ya zaunar da shi. Yau ba ya ganin ko tafin hannunsa. Amma kunne, jama'a! Kunnen Baba abin a zo a gani ne. Yana zaune a zaure mota za ta wuce a titi ya ce maka ta wane ce, ya ƙara da cewa a gaya masa ya duba bel ɗin injinsa. Direbobin tasha ba sa sayen mota sai sun kawo ta ƙofar gidanmu an tayar, Baba ya ɗora hannu a kan bonet, ya karkata kai, ya ce a saya ko a bari. Da wannan kunnen yake tsallaka titi shi kaɗai ya je masallaci, ba ya yarda kowa ya riƙe masa sanda. Tun da idon ya tafi, abin da ya rage masa ke nan da mutane ke zuwa nema a wurinsa.

To sai ga wannan rikici na zanga-zanga ya taso. Ku da kuke nan kun san yadda garin ya koma: yau a ƙona taya, gobe sojoji su cika titi, jibi a rufe kasuwa. Gidajen mai suna rufewa ba sanarwa, masu sayar da esansi, wato fetur, a kwalba suka zama sarakuna. Tsohuwar motata kuwa shan mai take kamar ana zuba shi a rairayi, ga shingaye a hanya, ka tsaya a layi inji yana ta ci a banza. Sau biyu mai yana ƙare mini tsakanin Kante da Mango, ina zaune da katan-katan na allurar da ba ta son zafi. Na ce a'a, wannan motar ta gama nata.

Ban yi gaggawa ba, wallahi na yi bincike. Na je Lome na zagaya wuraren masu sayar da motoci har takalmina ya gaji. Na tambayi makanikai, na tambayi 'yan taksi, na hau wannan na sauka na hau waccan. A ƙarshe wani dillali ɗan garinmu ya kawo mini guda uku har Sokode in zaɓa. Ta farko ƙarama ce mai esansi, ba ta shan mai sosai amma kayana ba za su shiga ba, kuma ramin hanya ɗaya ya ishe ta. Ta biyu tsohuwar ƙirar Jamus ce mai gazuwal, wato man dizal, jibgegiya, ƙarfi kamar ƙaramar tirela, amma tana da ciki wajen shan mai. Ta uku ita ce wadda ake kira hibrid, mai aiki da esansi da batir tare. In kana layi ko kana tafiya a hankali injin kashe kansa yake, batir ya ja ta, ba ƙara ba hayaƙi. Na gwada ta zuwa Tchamba na dawo, allurar mai ko motsi ba ta yi ba. Tun a hanya zuciyata ta gama zaɓe.

Saura Baba. Aka jera su a ƙofar gida, maƙwabta da 'yan tasha suka taru kamar ana ɗaurin aure. Aka tayar da ƙaramar, ya ce, “Wannan ta 'yan makaranta ce.” Aka tayar da mai gazuwal, sai na ga fuskarsa ta washe, rabon da in ga haka har na manta. Ya bar hannunsa a kan bonet ya daɗe, ya ce, “Auta, ka ji magana? Wannan ba ta ɓoye komai a cikinta.” Da aka zo kan hibrid dillali ya danna maɓalli, Baba yana jira, ya ce, “To ku tayar mana.” Aka ce ai ta tashi. Mutane suka kwashe da dariya, ba da mugunta ba, amma na ga yadda ya janye hannunsa a hankali ya sa a aljihu. Ya ce, “Wannan firji ce, ba mota ba. Abin da ba ya kuka ta ina za ka san ciwonsa?” Bayan an watse ya kira ni ya ce, “Auta, in ka sayi waccan, ka gaya wa 'yan tasha ke nan kunnena ya gama aiki.”

Me ya hana ni in zauna in yi masa bayani? Me ya hana in ce Baba zamani ne, ga halin da hanya take ciki? Tsoro ne da son a ce ni yaron kirki ne, ba wani abu ba. Na ce masa to. Na roƙi dillali ya bar mini mai gazuwal ta wuni a gidanmu, Baba ya fito ya zagaya ta yana shafawa ciki da waje, ya yi mata addu'a mai tsawo, har ya sa aka raba wa yara waina sadaka. Ina tsaye ina cewa amin, alhali na riga na sayi hibrid, takardunta suna aljihuna. Da yamma na mayar wa dillali motarsa. Na roƙi maiɗakina ta rufa mini asiri, na bi 'yan tashar da suka saba zuwa ɗaya bayan ɗaya na ce kada wanda ya tayar da maganar a gaban tsoho, don kada ransa ya ɓaci. Kowa ya ce ai hakan ma tausayi ne. Kun ga yadda na mayar da unguwa guda maƙaryata?

Da farko abin ya zo mini da sauƙi. Na ce wa Baba saboda masu jifa da ƙone-ƙone ina ajiye motar a gidan wani abokina mai katanga da ƙofar ƙarfe, kuma da gaske can nake ajiye ta. Motar kuwa ba ta ba ni kunya ba, in faɗi gaskiya. Ranar da gidajen mai suka rufe tun daga Kara har Dapaong, manyan motoci suna jere a bakin hanya, ni na je na dawo. Sai rikici ya tsananta a unguwar abokin nan nawa, ya kwashe iyalinsa ya kulle gida suka tafi ƙauye. Baba da kansa ya ji labari ya ce, “Ka dawo da motarka gida, ga gindin mangwaro nan, ina zaune ai ba mai taɓa ta.”

Ranar da na fara shigowa da ita layinmu, ta silalo ba ko tari, na tsaya, na rufe ƙofa, na yi sallama. Baba ya zabura har carbinsa ya faɗi. Ya ce, “Auta? Da ƙafa ka zo?” Nan ne fa Allah ya ba ni ƙofar fita, ni kuma na rufe ta da hannuna. Na ce, “A'a Baba, da mota, yanzu na kashe ta. Ba ku ji ba?” Ya ce wataƙila gyangyaɗi ne ya ɗauke shi. Washegari haka, wanshekare haka. Kullum sai dai ya ji ƙarar ƙofa da sallamata. Akwai wani maɓalli da in ka danna take tafiya da batir zalla, shi nake dannawa in zan fita, sai na kai babban titi injin yake tashi. Na ƙware a kai, abin kunya, har ina jin daɗin dabarata.

Wata safiya bayan ya sha koko ya ce, “Zo ka tayar mini da ita, ina so in ji.” Ya taso zai nufi gindin mangwaro, na ce ya zauna, ƙasa ta jiƙe kada ya zame, daga zaure ma zai ji. Na shiga na danna. Fitilun gaban direba suka kama, shiru. Ina hango shi ta gilashi ya karkata kai, ya juyo da ɗaya kunnen, ya sa tafin hannu a bayansa. Ya ɗaga murya ya ce, “Ta tashi?” Na ce, “Ta tashi, Baba.” Kuma wai a raina har ina cewa ai ban yi ƙarya ba, ta tashi ɗin. Ya daɗe a haka, sannan ya laluba sandarsa ya shige cikin gida, bai sake fitowa zaure ba ranar.

Ni a wautata na ɗauka ya gane ne yana fushi, har na fara shirya kalaman ban haƙuri. Ashe abin ya fi haka muni. Maiɗakina ce ta fara lura yana ɗiga man kaɗanya mai ɗumi a kunne. Sai ya fara sa a ƙara masa muryar rediyo, alhali yana ji sarai. Sai ya daina tsallaka titi, ya ce wai ƙafa ce, yana salla a gida, mutumin da ko ranar da ake harba hayaƙi mai sa hawaye sai da aka riƙe shi kafin ya haƙura da jam'i. Wani tsohon abokinsa ya zo gaishe shi, na ji yana tambayarsa a hankali ko gaskiya ne in kunne zai mutu ƙara mai kauri ce take fara ɓacewa, ta bar siririya. Abokin ya ce shi ma haka ya ji ana faɗa. Baba ya ce, “Shi ne. Ina jin ƙofa, ba na jin inji.” Kuma duk motar da ta wuce a titi ya ji ta, sai ya ce ai don ta matso kusa ne, ko don ta lalace da yawa. Ya daina yarda da abin da kunnensa yake gaya masa.

Makon jiya wani direba ya kawo bas da yake son saya, ya yi fakin ya shigo da goronsa kamar yadda aka saba. Baba ko tashi bai yi ba. Ya ce, “Ɗana, kai wa makanike. Kunnen ya bi idon.” Direban ya kalle ni, domin yana cikin waɗanda na roƙa su yi shiru, ni kuwa na sunkuyar da kai ina wasa da makulli. Maiɗakina ta daina yi mini magana in ba ta kama dole ba. Ta ce ita ta yarda ta rufa asirin mota, ba ta yarda ta taya ni kashe tsoho da ransa ba, kuma in ban faɗa ba ita za ta faɗa.

Yanzu Baba ya sa an kira masa yayata da ke aure a Dapaong, ita ba ta san komai ba, tana ta kuka a waya, ta samo likitan kunne a can. An sa Asabar mai zuwa, tunda hanya ta ɗan lafa, kuma ni zan kai shi. Yana shiga motar ya gama sani, domin hannunsa kawai zai kai ya ji ba kujerar da ya shafa ba ce, ba wurin makulli, ba giyar da ya sani. Na koma wurin dillali ko zan ari mai gazuwal ɗin, ya ce tuni wani mutumin Kambole ya saye ta. Da ya faɗa mini haka sai na ji kunya ta sake rufe ni, wato har yanzu hanyar ƙara wata ƙaryar nake nema.

Abin da ya sa na kasa haƙuri na rubuto muku shi ne abin da ya faru jiya bayan la'asar. Na dawo na yi sallama, ya ce in zauna kusa da shi. Ya laluba ya kama hannuna ya ce, “Auta, ba makantar ce ta dame ni ba, na saba da ita, kurumtar ma in Allah ya kawo zan karɓa. Abin da yake cina shi ne ban san tun yaushe kunnen ya fara lalacewa ba. Wataƙila ranar da na zaɓa maka mota ya riga ya taɓu, na hana ka wadda kake so, na sa ka sayi wadda ban ji ta da kyau ba, kana bin wannan doguwar hanya da ita. In ta taɓa ba ka wahala, ka yafe mini.”

Mahaifina ne fa yake neman gafarata. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, abin da ya fito shi ne, “Ba komai Baba, lafiyarta ƙalau.”

In na faɗa masa gaskiya zai san kunnensa garau yake, zai koma masallaci da ƙafarsa, amma zai san ɗansa ya tsaya yana kallonsa yana ɗiga mai a kunne bai ce uffan ba, kuma duk unguwa ta sani ban da shi. In na yi shiru, Asabar tana zuwa, motar da kanta za ta faɗa masa a gaban 'ya'yana, jikokinsa. Ta ina zan fara? In durƙusa ni kaɗai, ko in nemi limamin unguwa ya raka ni, ko hakan ƙara tona masa asiri ne a gaban mutane? Yanzu haka da nake rubutun nan yana zaure, ya juya kunnensa wajen titi, motar tana gindin mangwaro kusa da shi.

Don Allah 'yan'uwa, me zan yi?